Jan Layin Halidu

Halidu mai gyaran keke a bakin Babbar Kasuwa ba ya barin ƙarfe ya huta. Shekarar da fari ya cinye ƙasa, soji na mulki, kowa na neman abin kai wa baka, shi kuwa ya duƙufa ƙera abin auna gudun jirgi a ruwa. Ya yanka gwangwanin madara ya yi farfela, ya liƙa ta jikin dinamon keke, ya ja waya zuwa agogon batir na wata matacciyar mota. In ruwa ya juya farfelar, sai allura ta tashi. Ni dai, maƙwabcinsa a kasuwa, ban ga amfaninsa ba, amma ya yi kyau.

Kogi ya janye har jirgi mai inji ba ya wucewa, sai aka koma kai hatsin taimako ƙauyuka da kwale-kwale daga Saga. Ladan matuƙi tiyar hatsi ce. Cikin matuƙan akwai Yakuba, wan Halidu, mai 'ya'ya cike da gida. A jirginsa aka fara gwaji, lokacin yana da sauran tsoka. Inda allura ta tsaya, Halidu ya ja layi da jan fenti, suna ta dariya.

Da ya bar abinsa nan, da an zauna lafiya. Amma son a yaba ya sa ya kai wa ajudan, sojan da ke kula da hatsin. Ajudan ya yaba, har ya yanka masa tiya kullum.

Hatsi ya yi ƙaranci, aka ce a rage matuƙa. Ajudan ya tara su bakin ruwa ya ce, "Ni ba ni zaɓen kowa, kar a ce na yi son kai. Mashin za ta zaɓa. Wanda bai kai ja ba, shi tahi gida."

Aka zaunar da Halidu gaban allura, shi ne mai faɗa. Da aka zo kan Yakuba, wanda ya daɗe yana bar wa yara rabonsa, ya tuƙa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Allura ta yi ta rawa ƙasa da layin.

"Ta kai, shef," in ji Halidu ga ajudan.

Ajudan ya leƙo, ya yi murmushi. "In wanga shi ne ta kai, mashin ta lalace ke nan, mai ita ma ba mu bukatar shi. Sake dubawa."

Halidu ya sake dubawa. Shi ma yana da mata da goyo.

"Ba ta kai ba."

"Ɗaga murya, tsohon bai ji ba."

Ya ɗaga. Ina tsaye a wurin, na ji kunya a madadin Halidu, na kuma ji haushinsa.

Tun daga ranar, Halidu kan kai rabin tiyarsa gidan wansa. Hadizatu, matar Yakuba, ta karɓa ta dama, yara su sha. Yakuba ma yakan sha, yana kallon bango, kuma bai sake kiran sunan ƙanensa ba.