Awon Keken Rahma

Shekarar da sojoji suka koma bariki ita ce shekarar da Rahma ta isa shiga firamare. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana goye. A cikin gidansu na Mandawari babu inda ba ta zuwa da jan gindi, amma daga soro zuwa waje sai a bayan uwarta Fanna, lulluɓe da mayafi, don Fanna ba ta son a kalli 'yarta a ce "wayyo".

Hedimasta ya ce zai karɓe ta in za ta riƙa zuwa kullum. Nan gizo yake saƙar a zuciyar Fanna, domin cikinta ya tsufa, goyon ya fara gagararta, mijinta Bukar kuma yana fatauci a Maiduguri.

Wata da take kawo mata ɗinki ta kwatanta mata Malam Ilu na Ƙofar Mazugal, mai ƙera keken guragu irin wanda ake tuƙawa da hannu. Fanna ta je ita kaɗai. Ta tarar da dattijo zaune kan nasa keken, ƙafafunsa a naɗe, rediyo na ta surutun sabuwar gwamnati.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya dubi zanen fuskarta ya yi murmushi. "Yau Barebari ne a rumfar Fulani? Baiwata, me kika kawo wa ubangidanki?"

"Aiki na kawo wa bawana," in ji Fanna, ta ƙunshe dariya. Ta faɗa masa buƙatarta.

"Kawo min yarinyar in auna ta. Ni ba na yin keken kowa da kowa."

"Baba, ni tela ce. Awo ai sana'ata ce."

Ya yi, ya yi, ta ƙi. Washegari ta kawo masa zare mai ƙulle-ƙulle: wannan daga kafaɗa zuwa tafin hannu, wannan faɗin ƙugu, wannan tsawon baya. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, kowanne ta ƙara masa taƙi guda. Haka take yi wa kayan Sallar kowane yaro, haka uwarta ta yi mata. Wa zai yi wa yaro abu cif-cif alhali gobe zai girma?

Duk ranar da ta je kasuwa sayen zare sai ta biya ta rumfar. Ta ga yadda yake ɗura yashi cikin bututun ƙarfe ya toshe bakin kafin ya gasa ya lanƙwasa, don kada ya lotse. Ta ga yana goge bakin kowane bututu da magagari, ya gwada, ya sake gogewa, har ya zauna a jikin ɗan'uwansa ba tare da ko haske ya ratsa ba. Da ya gama walda, Fanna ta sa ya kifa mata firam ɗin keken. Ita ba ta yarda da riga sai ta juya cikinta. Ta bi haɗin da babban yatsa. Ƙasan, inda ba mai gani, sumul yake kamar saman.

"Kin sami zare a waje?" ya tambaye ta.

"Ban samu ba," ta ce. "Ashe Fulani ma sun iya wani abu ban da bin shanu."

Ranar da aka kawo keken, shuɗi, da 'yar ƙararrawa, Rahma ta kasa cin abinci. Fanna ta ɗora ta a kan keken a tsakar gida. Yarinyar ta kama feda, ta tura, keken ya motsa. Amma da fedar ta juya can gaba sai ta kufce mata. Ta miƙe hannu iya miƙewa, yatsunta suna shafar iska. Ta matso bakin kujera, ta kusa faɗowa.

"Ba komai, Umma," ta ce a hankali. "Ai zan girma."

Fanna ta shiga ɗaki ta zauna gaban keken ɗinkinta, ba ta ɗinka komai ba. Makaranta ranar Litinin za a koma, ba sai Rahma ta girma ba.

Washegari da hantsi ta ɗauko mayafi don ta goya Rahma zuwa rumfar Malam Ilu, bayanta ya ce ina. Sai ta zaunar da ita a keken, ta kama bayan kujerar ta tura suka fito. Lungu cike da mutane. Fanna ta sunkuyar da kai tana jiran "wayyo". Mai ƙosai ta ɗaga murya: "Rahma, an yi mota ba a ɗana mu ba?" Rahma ta kaɗa mata ƙararrawa. Haka ta yi ta kaɗawa har Ƙofar Mazugal.

Malam Ilu ya dubi hannun yarinyar, ya dubi fedar, ya dubi Fanna.

"Ƙari kika yi, ko?"

"Don ta daɗe tana mora ne, Baba."

"Riga ce da za ta naɗe hannu?" Ya juya ga Rahma. "Hajiya, miƙo hannunki. Lanƙwasa kaɗan. Yawwa, nan ne ƙarfinki yake." Ya sa alli ya yi alama a ƙarfen, ya jawo zarto.

"Tsaya, Baba," in ji Fanna. "In ka yanke, baɗi fa? Ni in na yi wa yarinya siket, kalmasa nake bari mai faɗi a ciki. In ta yi tsawo sai in warware. Ƙarfe ba ya kalmasa ne?"

Dattijon ya ajiye zarton. Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya laluba cikin tarkacensa ya zaro wani siririn bututu, ya zura shi cikin na fedar, ya ja ya tura.

"A huda nan, a huda nan, a ɗaure da noti. In ta girma a matsar, a ƙara wa sarƙa tsawo." Ya girgiza kai yana dariya. "Kada ki faɗa wa kowa Babarbariya ce ta koya min."

Ranar Litinin Rahma ta fito cikin yunifom mai kalmasa har biyu. Fanna ta biyo ta, hannunta a miƙe kusa da bayan kujerar, tana cewa a hankali, ga kwata, ga akuya. Da suka fita lungu, yarinyar ta danna feda da ƙarfi, kujerar ta wuce hannun uwar. Fanna ta ɗaga ƙafa, cikin ya hana ta. Ta tsaya ta dafa bango tana haki.

Can gaba Rahma ta ja birki ta waiwayo.

"Umma, in jira ki?"

Fanna ta dubi ƙofar makarantar, yara na ta ɗuruwa ciki.

"Wuce," ta ce. "Kada ki makara."