Giwar da Ta Ƙi Fita

Shekara arba'in tsohon kafinta ya yi yana haɗa katako da katako, kuma babu abin da ya tsana kamar abu mai girgiɗi. Kujera in ta motsa a ƙarƙashinsa, ko a gidan mutane ne, sai ya kifa ta ya duba ƙafafunta. Amma ranar da ya shiga shagon kayan wasan yara, rasa ta inda zai fara ya yi.

Washegari autarsa za ta zo da 'yarta mai shekara uku. A zuwansu na bara yarinyar ko kallonsa ba ta yarda ta yi ba. Yana miƙa hannu sai ta tsala ihu ta shige bayan uwarta, haka aka yi kwana huɗu. A gaban mutane dariya ya yi, amma abin ya ci masa rai. Bana so yake ta zo wurinsa da ƙafarta, ko sau ɗaya ne.

"Baba, me za a ba ka?" in ji mai shagon, wata mata mai fara'a.

"Abin wasa na jikata. Uwarta ta ce a sayo mai koyar da wani abu, ban da mai ƙara."

Ta ɗauko mota mai batir, ya ce ai wannan kwana biyu za ta yi. Ta kawo ƙwallaye masu launi, ya gwada ɗaya a tafin hannunsa ya ce yaro zai iya haɗiyewa. 'Yar tsana kuwa, ya ɗan ja hannunta ya mayar. Sai can ya hango wani allon katako mai dabbobi biyar a kwance cikin gurabensu: giwa, raƙumi, zomo, agwagwa da kifi. Ya shafa gefen da babban yatsa, sumul. Ya shinshina fentin. Matar tana ta bayanin yadda ake wasan, shi kuwa hankalinsa yana kan ingancin katakon, ko kalma ɗaya bai ji ba.

Yana isa gida ya zaro allon daga leda, dabbobin suka zube a ƙasa.

"Ka ji aikin 'yan zamani," ya ce. "Katako mai kyau, an kasa manne shi."

Ya shige rumfarsa ta aiki, ya ɗauko gam, ya manne kowace dabba a gurbinta, ya ɗora bulo a kai. Da safe ya kifa allon ya jijjiga, ko gezau. Da alfahari ya nuna wa matarsa.

Matar ta juya allon, ta dube shi, ta zauna a bakin gado tana dariya har da hawaye.

"Malam, ai cirewa ake yi. Yaro ya cire, ya nemi gurbin kowacce ya mayar. Wasan ke nan, kai kuma ka kashe shi."

Kafin ya yi wata dabara sai ga sallamar baƙi a ƙofa.

Yarinyar ta shigo riƙe da gefen zanen uwarta, ta ga kakan, ta ɓoye fuska. Kunya ta hana shi miƙa kyautar, sai kakarta ce ta ajiye mata allon a kan tabarma. Shi ya koma rumfa ya zauna yana goge zarton da ba shi da datti.

Daga nan yana hango ta. Da alama ta san irin wasan, don nan take ta kama kunnen zomo ta ja. Ya ƙi. Ta gwada kifi, ta sa haƙori, ta buga allon da ƙasa. Ta kai wa uwarta.

"Ni ban iya ba," in ji uwar, tana danne dariya. "A gidan nan mutum ɗaya ne mai gyara."

Yarinyar ta daɗe a tsaye tana kallon rumfar. Sannan ta rungumi allon, ta taho a hankali, ta tsaya dab da gwiwarsa.

"Kaka, ya lalace."

Ya ajiye zarton. "Wane mugun ne ya yi wannan aika-aika? Kawo mu gani, ƙawata."

Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da tsumma. Ita ke jiƙa gefen dabba, shi yana zura siririyar wuƙa can nesa da yatsunta. Zomo ya fita, ta yi tsalle. Ta ƙirga kifi na biyu, agwagwa ta uku. Kafin raƙumi ya fita tana zaune a cinyarsa, tana ba shi umarni kamar ita ce mai rumfar.

Saura giwa. Ya taɓa ta da bakin wuƙa, ya ji ta saki, tura ɗaya ya rage. Sai ya janye wuƙar ya mayar cikin akwati.

"Wannan ta kama sosai. Sai gobe, in kin zo da wuri kin taya ni."

"Zan zo," ta ce, ta kwantar da kanta a ƙirjinsa tana shafa hancin giwar.

Matarsa da ke tsaye a bakin rumfa ta ga komai. Ta buɗe baki za ta tona shi, sai ta ga idonsa ya ciko, ta ɗauki kwanon ruwan ta wuce abinta.