Harshena Ya Riga Ni Yin Ritaya

Ranar Litinin Manaja ya kira ni ofishinsa, ya nuna mini kujera. Shekara goma sha tara ina babban kuku a wannan kamfanin katifa, ina ciyar da mutum ɗari biyu da arba'in kowace rana, bai taɓa cewa in zauna ba. Tun daga nan na san ba lambar yabo za a rataya mini ba.

Ya ce ma'aikata sun kawo kuka. Wai miyata ta koma ruwan ɗumi mai launi. Wai masu ɗinkin katifa yanzu da ƙullin gishiri suke zuwa a aljihu, su zauna suna barbaɗawa a ɓoye. Har wani direban motar kaya da ake kira Injin Niƙa, mutumin da na taɓa gani ya kankare ƙanzon tukunya yana sa mini albarka, an ce ya dawo da rabin farantinsa.

"Baba Kuku, ni ba ni da matsala da kai," in ji Manaja, yana juya biro. "Amma zuwa Juma'a in faranti ba su dawo a share ba, akwai 'yan kwangilar abinci da suka daɗe suna yi mini sintiri. Ka gane ai?"

Na ce na gane. Na ce albasar bana ce ba ta da ƙarfi. Ya kalle ni, ni kuma na kalli kalandar bangonsa, muka rabu a haka.

Albasa ba ta yi laifin komai ba. Wata huɗu kafin nan jiri ya kwashe ni a gaban murhu, na farfaɗo a gadon asibiti. Likitar, wata siririyar mata da ba ta yi kama da wadda abinci ya taɓa burgewa ba, ta duba takarduna ta ce jinina ya hau, sukari ya bi bayansa, jijiyoyin zuciyata kuma sun fara toshewa. Ta ce ko in canza abin da nake ci, ko in fara sallama da jama'a. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba mai, ba sukari, ba farin fulawa, gishiri ɗan mitsitsi. Abin da ya tsiro daga ƙasa kawai, yadda ya tsiro, ba a tace ba, ba a soya ba. Na tambaye ta to me ya rage. Ta ce wake, ganye, hatsi da dusarsa, 'ya'yan itace. Na ce ai wannan jerin na san shi, shi maƙwabcina ke ba akuyarsa. Ba ta yi dariya ba. Maiɗakina, da ke zaune a bakin gado, ita ta karɓi takardar ta ninke ta jefa a jaka, kuma daga yadda ta ja zif ɗin na san ba ɗaukaka ƙara.

Sati ukun farko ba na son tuna su. Na canza hanyar zuwa aiki don kada in bi ta gaban gidan burodi, sai sabuwar hanyar ta kai ni gaban mai gasa nama. Na sake canzawa, na ƙara minti ashirin a tafiya, maiɗakina ta ce wannan ma magani ne. A wurin aiki ina soya kaji tamanin, hannuna na wari da daɗinsu, sannan in koma bayan firiji in buɗe kwanon da aka ɗauro mini daga gida: dafaffen wake, kabeji, da wani ganye da ban taɓa gaisawa da shi ba. Ba na iya zama wuri ɗaya. In leƙa sito, in fito, in goge teburin da na riga na goge, in yi wa wanda bai yi laifi ba faɗa.

Sai wata rana, wajen sati na shida, na gutsuri ɗanyen karas na tsaya cak. Zaƙi na ji, zaƙi na gaske. Na zargi maiɗakina da sa sukari, ta ce in na gano yadda ake cusa sukari cikin karas in koya mata. Daga nan abubuwa suka fara magana. Wake ashe yana da ɗanɗanonsa, shekara hamsin da uku ina binne shi da mai. Tumatir yana da tsami da zaƙi a bi da bi. Na rage rami biyu a bel ɗin wandona, na daina haki a matakala.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, harshen da ke cin wake a bayan firiji shi ne dai ke ɗanɗana miyar kamfani.

A kicin ɗina doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ba mai sa ludayi a tukunya ya kai baki sai ni. Mu bakwai ne, kowa ya san wannan. Na taɓa kama wani magidanci mai 'ya'ya huɗu yana lasar miya, na mayar da shi ɗaukar buhu a sito har ya bar aikin. Kuma ban taɓa auna gishiri ba a rayuwata. In watsa, in juya, in ɗiba a ludayi, in zuba a tafin hannu, in lasa. Harshe ya ce ya isa, hannu ya tsaya. Bayan asibiti na ci gaba da yin haka, sai dai in lasa in tofar a wurin wanke-wanke. Kullum harshen cewa yake gishiri ya yi yawa. Ni kuma kullum in rage, ina jin kaina gwani.

Talata na ce to bari in yi da lissafi. Inda harshe ya ce ya isa, na ƙara dunƙulen ɗanɗano goma da gishiri cikin hannu ɗaya. Faranti suka dawo da abinci, wai har yanzu ba gishiri. Laraba tsoro ya kama hannuna, na zabga har sai da idona ya yi ruwa da na lasa. Ranar ma'aikata suka shanye ruwan randar ɗakin cin abinci, aka ce Injin Niƙa ya tambaya ko kuku yana da gaba da wani ne a cikinsu. Na rasa tsakiyar. Wurin da na tsaya shekara goma sha tara ido rufe, yanzu da ido biyu na kasa gano shi.

Da yammacin Laraba, muna cin dankali da alayyahu a tsakar gida, na kawo wa maiɗakina shawarar da na yini ina gogewa. Na ce ba kwaɗayi ba ne, aiki ne. In na ci irin abincin da na saba kwana biyu kacal, da nama da mai da komai, tsohon harshen zai dawo, in gyara miya, in tsira da aikina, sannan in koma kan wakena. Na yi bayanin da kyau, har ni kaina ya burge ni.

Ta gama tauna abin da ke bakinta, ta ce, "Baban yara, ni na ɗauko ka daga asibiti. Ba ka da nauyin da zan so in sake ɗauka. Amma bakinka ne."

Da faɗa ta yi, da na samu abin riƙewa.

Alhamis ranar kaza ce. Ƙarfe goma sha ɗaya na tsame tiren farko, na zaɓi cinya guda, wadda fatarta ta yi ja ta ɗan tsage, na naɗe a takarda na shige sito na tura ƙofa. Na tsaya tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai. Na buɗe takardar, na rufe. Na je ƙarshen siton na dawo. Na gaya wa kaina mutum ɗari biyu da arba'in ne ke buƙatar in ci cinyar nan, ga ma'aikata shida da za su bi ni waje in 'yan kwangila suka shigo. Ban taɓa jin wanda ya ci kaza don taimakon al'umma ba, amma ga ni zan zama na farko.

Ƙamshin dai yana nan yadda na san shi, yawuna ya tsinke. Na kai ta har leɓe. Man da ya taɓa leɓen nawa na lasa, sai na ji kamar na lashi murfin jarka. Abin ya ba ni haushi fiye da in ya yi daɗi. Duk da haka na san in na ci gaba, cizo na uku zai tuna mini komai, kuma kwana biyun nan ba za su tsaya a biyu ba. Na san mutumin da nake magana a kansa, tare muka girma.

Ƙofa ta buɗe. Gwaggo ce, mai wanke mana tukwane, wadda ta girme ni da shekara takwas kuma ta riga ni zuwa kamfanin. Kowa Gwaggo yake ce mata, har Manaja. Ta zo ɗaukar sabulu. Ta dubi cinyar, ta dube ni.

"Ci mana, Babban Kuku. Ko in juya baya ne?"

Na ce bincike nake yi. Ta ce ta gani, ai binciken har ya kai gemu. Ta ɗauki sabulunta, amma ba ta fita ba. Ta ce wata uku ke nan suna kallona ina kashe miya, su shida, ba mai bakin magana, don kowa na tuna wanda aka tura ɗaukar buhu. Ta ce ita tana gane gishirin miya tun daga yadda take kama gindin tukunya, balle a ba ta ta lasa.

Na miƙa mata cinyar. Ta cinye a tsaye a gabana, ba ko kunya, ta ce wannan kam ban ɓata ta ba. Sannan na tambaye ta, da muryar da ban san ina da ita ba, ko gobe za ta ɗanɗana mini.

"A ɓoye ko a gaban mutane?"

Na ce a ɓoye zai fi tsari.

"To ci gaba da bincike," ta ce, ta kama ƙofa.

Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, miya na tafasa a babbar tukunya, na kira kowa. Na yi ɗan jawabi a kan haɗin kai wanda ba wanda ya saurara, na miƙa wa Gwaggo ludayi. Ta goge hannu a zaninta, ta ɗiba, ta hura, ta lasa. Ta ce ƙara. Na ƙara. Ta ce ƙara. Na ƙara, zuciyata na cewa wannan kisan kai ne. Sau huɗu tana sa ni, a na biyar ta ce rabin haka, sannan ta ce tsaya. Na lasa don in san inda wurin yake. A bakina ruwan teku ne. Na tofar, na rufe tukunya.

Ƙarfe ɗaya na tsaya a tagar da ake dawo da faranti, ina canza ƙafa. Na farko ya dawo a share. Na biyu ma. Wajen na talatin na daina ƙirgawa. Manaja ya leƙo ta ƙofa, ya ɗaga mini babban yatsa, ya wuce yana waya. Aiki dai ya tsaya a hannuna.

Da aka watse na samu Gwaggo zaune a kan kujerata, ta miƙe ƙafa. Ta ce ta yi tunani, mai ɗanɗana wa mutum ɗari biyu da arba'in bai kamata warin sabulu ya riƙa shiga mata hanci ba, yana ɓata aiki. Wankin ƙananan tukwane sauran za su raba. Babbar kuwa, tunda likita ta ce in riƙa motsa jiki, ba ta ga wanda ya fi ni dacewa ba.

Na duba fuskokin sauran biyar ɗin, kowa ya samu abin gogewa. Na naɗe hannun riga. Tukunyar nan sai mutum ya zura kansa da kafaɗunsa kafin ya kai gindinta, kuma shekara goma sha tara ban taɓa ganin cikinta daga kusa ba. Daga can ciki nake jiyo Gwaggo tana tsara wa mutane abin da za a dafa ranar Litinin.