Ta Bayan Ƙofa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma a wannan fitar ba magani muke rabawa ba, ƙidaya muke yi. Ƙuri'a ke zaɓar gida, mu shiga, in juya fatar idon kowane yaro in duba alamar amosanin ido, ciwon nan da ke makantar da mutum a hankali. In masu shi sun yi yawa, a kawo wa unguwa magani gaba ɗaya. In kaɗan ne, a wuce.

A gidan tela, kakar yaran ta jera mini jikokinta a kan benci, an wanke su tas, fuska sai ƙyalli. Na duba, duk lafiya lau. Ina wanke hannu sai na ji tari a bayan ƙofar ɗaki.

"Iya, akwai saura?"

"Wannan ba ta ganin baƙi ba ce," in ji ta. "Ido duk kwantsa. So kike ki je ki ce gidan tela ƙazamai ne?"

"Ai ita na zo nema, Iya. In kowa ya ɓoye nasa, za mu ce unguwar kalau take, magani kuma ba zai zo ba."

A wuyanta akwai ɗan hantsaki rataye da zare, wanda take tsige gashin idon da ya lanƙwashe ciki yana sukarta. Ta shafa shi, sannan ta juya wajen ƙofar.

"Fito, takwara. Ni ma haka aka ɓoye ni."