Ranar da Dogo Ya Zo Awo

Ina riƙe da cokali a bakin Baba Kafinta, ina lallaɓa shi ya haɗiye ruwa, sai ƙofar ɗakin ta yi duhu. Na waiga. Dogo ne, babban ɗansa, tsaye da fensir a bayan kunne da tef ɗin awo a hannu. Ko gaisuwa bai yi ba.

Gabana bai faɗi ba. Jinya ta riga ta cinye min wannan. Na dai ajiye cokalin.

Ni tela ce, katanga ɗaya ta raba ni da Baba. Tun idonsa na gani, in ya haɗa akwatin gawa ni ke ɗinka farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a ciki. Waje yakan goge shi har ya yi sheƙi, ciki kuwa ko taɓawa ba ya yi. "Ƙyalle zai rufe," in ji shi, "mai shiga kuma ba ya ƙorafi."

Da ido ya tafi, Dogo ne ya riƙe shagon. Sai Auta, ƙaninsa, mai bakin zuma, ya dinga zama a gefen gadon uban yana raɗa masa wai Yaya na sayar da katako ta bayan fage. Ya ce in aka ba shi shagon zai kai Baba a yi masa aikin ido. Ina wurin ranar da Baba ya kira Dogo ɓarawo a gaban ma'aikata, ya karɓe makulli. Dogo bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba sai ranar da zan zo auna ka." Auta kuwa ya sayar da injin zarto, ya sayar da shagon, ya bi iska. Aikin ido har yau ana jira.

To ga shi Dogo ya cika alkawari, sai dai ya yi sammako. Mutumin yana numfashi.

Na tare shi a bakin ƙofa, na yi ƙasa da murya. "Kai Dogo, ka ji tsoron Allah. Da ransa fa."

"Na sani, Goggo. Fasto ya aiko cewa Baba yana nemana. Na zo yin abin da na ce."

"In ba gaisuwa ta kawo ka ba, koma inda ka fito."

Ya ratsa ta gefena kamar labule.

Abin da ya fi ci min rai, Baba ne ya yi shekaru yana koya wa yara darasin Lahadi a coci. Babu labarin da yake so kamar na tsohon nan makaho na cikin Littafi Mai Tsarki, wanda ƙaramin ɗansa ya ɗaura fatar akuya a hannu, ya kawo masa nama, ya kwashe albarkar wansa, har wan ya rantse sai ya ga bayansa. Baba yakan tafa hannu ya ce, "Wane irin uba ne zai kasa gane ɗansa? Ni ko a duhu na taɓa guduma na san tawa ce." Yara su yi ta dariya, Dogo da Auta na cikinsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dogo ya ja tef. Ya ɗora bakin ƙarfen a saman kan ubansa, ya ja har tafin ƙafa, ya ciro fensir ya rubuta a bayan hannunsa. Tun jiya Baba bai ce uffan ba. Amma da tef ɗin ya koma gidansa da ƙara, sai fararen idanun nan suka buɗe. Dogo ya sunkuya ya auna kafaɗa ya rubuta, Baba ya kama masa wuyan hannu. Yatsunsa suka bi a hankali har suka kai babban yatsan da zarto ya gutsure tun Dogo na yaro. Nan suka tsaya.

"Dogo."

Dogo ya tsaya a sunkuye, Baba ya ci gaba.

"Nawa ka samu a kafaɗa?"

Dogo ya faɗa masa, da muryar da ake magana da mai sayen kujera.

"Ƙara yatsa biyu. Kullum kana matse kafaɗa. Sau nawa zan gaya maka?"

"To."

Baba ya huta, ƙirjinsa na kuka. "Tela, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Kin tuna tsohon nan da fatar akuya? Ban koya wa yara daidai ba. Ya fa gane muryar. Ƙamshin nama ne ya shiga masa hanci." Ya juyar da fuska wajen ɗansa. "Ni ma na san ƙarya Auta yake. Ido nake so, Dogo. In sake ganin katako. Sai na sayar da kai."

Na zaci Dogo zai durƙusa. Bai durƙusa ba. Fuskarsa na nan yadda ya shigo da ita.

"Akwai abin da ya rage da za ka ba ni?"

"Babu. Ya kwashe duka."

"To me ya sa ka neme ni?"

"Kada wani ya yi min akwati. Ba su iya ba."

Dogo ya zare hannunsa, ya goge lambar da yawu, ya rubuta wata, ya fita. Na bi shi har tsakar gida, raina a ɓace. "Kalma ɗaya fa, Dogo. Ka ce ka yafe. Bakinka ba zai tsage ba."

"Goggo, ki yanka ƙyalle. Ki bar yalwa a kafaɗa."

Da safe sai ga shi da katakai a kura. Tunda shago babu, ya jera su a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagar Baba, ya kama yanka. Na ce wannan muguntar ta yi yawa, mutum yana kwance yana jin ana yanka akwatinsa. Na miƙe zan rufe tagar.

"Bar ta," in ji Baba. "Na daɗe ban ji ba."

Ya yi lamo yana saurare. Can ya ce, "Zarton ya dakushe." Ina goge masa wuya da tsumma, sai na ji babu abin da ke motsi a ƙarƙashin hannuna. Na rufe masa ido, na gyara masa zane. Ban ji komai ba, ko hawaye bai zo ba, sai ƙarar zarto da ke ta shigowa.

Na leƙa ta taga. "Dogo, ya tafi."

Zarton ya tsaya a tsakiyar katako. "To," in ji shi. Ya ci gaba.

Mutanen coci suka cika gidan. Auta ya bugo wayar Fasto yana kuka kamar ransa zai fita, kafin ya kashe ya tambayi wanda ke riƙe da makullin gidan. Fasto ya miƙa wa Dogo wayar, Dogo ya nuna masa hannayensa biyu, duk garin katako.

Da la'asar na kawo ƙyallen. Akwatin ya haɗu, waje na sheƙi. Na tarar da Dogo a durƙushe, rabin jikinsa a ciki, yana gogewa.

"Dogo, ƙyalle zai rufe fa."

"Na sani, Goggo. Ɗan jira ni."

Na zauna a kan benci da ƙyallen a cinyata. Ya hure garin katakon, ya sa gutsurarren yatsan nan yana bin inda kafaɗa za ta kwanta, a hankali, yana neman sartse.