Jana'izar Kofur, Ban da Harbi

Kofur ya cika da safe, kafin azahar sai ga saje daga ofishin tsofaffin sojoji ya yi sallama. Dattijo ne mai furfura. Ya cire hula, ya ɗosana a bakin kujera, ya yi wa Inna, matar marigayin, ta'aziyya. Sannan ya jero abin da hukuma ta tanada: motar ɗaukar gawa, kabari a maƙabartar sojoji, tutar ƙasa, da samarin da za su harba bindiga sama don girmamawa.

Babban ɗanta, direba ne mai son a san da shi, har gyara zama ya yi. "Madalla! Yau unguwa za ta san ko wane ne Baba."

Inna kuwa maganar harbin ce ta dame ta. Tun da Kofur ya dawo daga yaƙi, ƙara ta zama abokiyar gabarsa. Ƙofa ta buga, sai ka ga ƙaton mutum ya dunƙule bayan gado yana rawar jiki. Ita ta naɗa tsumma a mariƙin kowace ƙofa, ta koyi ajiye murfin tukunya kamar ƙwai. Yara kuwa ce musu take ciwon kai ne da babansu. Ya roƙe ta kada su sani, ta kuwa riƙe amana har suka yi gemu. To yanzu fa? Ko ta tona, ko ta bari a raka shi da abin da ya fi tsoro a duniya.

"Ranka ya daɗe, mun gode," ta ce. "A kawo komai, amma ban da harbin."

"Haba Inna!" in ji ɗan. "Haƙƙinsa ne fa. Jarumi guda a binne shi shiru kamar wanda ya yi laifi?"

"Kai dai ka bari."

"Wallahi ba zan bari ba sai na ji dalili."

Inna ta sunkuyar da kai. A zuciyarta ta ce, ka yafe mini, malam. Sannan ta ɗago.

"Ubanka bai taɓa ciwon kai ba. Tsoro ne. In aka yi tsawa, hannuna yake riƙewa yana kuka har ruwa ya ɗauke."

Kunya ta rufe Inna, ga baƙo, baƙon ma soja. Jira take ya ce doka doka ce.

Saje ya juya hularsa a hannu, ya sake juya ta.

"Ba wanda zai yi harbi, Inna," ya ce a hankali. "Ni ma na gaya wa matata kada ta yarda a yi mini. Ita kaɗai ta san dalili."