Jini a Kujerar Baya

Ni baduku ne ɗan baduku, sai dai zamani ya raba ni da ɗinkin kube da linzami, ya kai ni ga kujerun mota. A Jibiya, in ka wuce tasha ka miƙi hanyar Maraɗi, akwai wata darbejiya da rumfar kwano a gindinta, nan nake. Masu wankin mota sun yi yawa a garin nan, amma su aikinsu omo ne da burushi. Su dirji kujerar fata kamar suna wanke tukunya, su bar ta a rana, bayan wata biyu ta tsattsage kamar faso. Ni kuwa fata ta san hannuna, ko da yake an ce yabon kai jahilci ne.

Lokacin da abin nan ya faru an yanke layin waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. Matata Safara'u tana Bugaje gidan iyayenta, ta tafi goyon ciki, cikin fari, ya shiga wata na tara. Babu waya, babu saƙo sai in an dace da mai shigowa kasuwa. Da tunaninta nake kwana, da shi nake tashi.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga wata baƙar jif mai lambar Nijar. Maimakon ta tsaya a gaban rumfa kamar kowa, sai ta zagaya baya, ta lafe jikin katanga. Direban ya fito, dogo, idonsa jajir, hannunsa na dama cikin aljihun riga.

"Kai ne mai gyaran kujera?" ya ce.

Na ce ni ne.

"Ta baya za ka wanke min. Maza. Kuma kada ka kira kowa."

Na buɗe ƙofar baya. Kujerar fata ce mai ruwan madara, irin wadda nake jin daɗin taɓawa, amma rabinta jini ne. Ya kwanta a tsakiya, ya bi layin ɗinki ya gangara ƙasa, bai ma gama bushewa ba.

"Rago ne," in ji shi, tun ban tambaya ba.

Duk bayan Sallar layya ina wanke jinin rago a motocin mutane, na san shi. Rago yana barin gashi, yana barin kashi, warinsa kuma sai ya kwana uku a mota. Nan babu ko ɗaya. Kuma wa zai ɗora rago a kan kujera irin wannan alhali ga but a baya? Jinin mutum ne, na sani, shi ma ya san na sani.

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. A Jibiyar wancan lokaci, wanda ya kawo maka mota da jini ya ce kada ka kira kowa, ba ka tambayar sunan ubansa. In na ƙi, ya san rumfata. In na wanke, na goge shaidar ran wani da hannuna. Gaba kura, baya siyaki. Ga hannun nan nasa bai fita daga aljihu ba, idona kuwa can yake komawa.

Na ɗebo ruwan sanyi a randa. Jini ba ya son ruwan zafi, dafa shi yake yi ya kama fata har abada. Na samu farin ƙyalle mai laushi na fara dangwalawa daga gefe ina shiga ciki, don in ka goge shi gogewa, tura shi kake yi cikin ƙofofin fata. Hannuna ya san hanya ko ba ni. Sau uku ina zubar da ruwan bokiti, sau ukun yana komawa ja. Na kaɗa kumfar sabulun salo kaɗan, na bi layin ɗinkin da tsohon burushin haƙori.

Direban sai safa da marwa yake yi, yana leƙen titi.

"Ka turo ta rana ta bushe mana," ya ce. "Ina da duwan, ƴan kwastanmu, da jandarma a gabana a kan iyaka, in sunka ga wanga abu mi zan ce masu?"

"Ba a shanya fata a rana," na ce masa da tsawa, kafin in tuna da wa nake magana. Haka nake, ko a bakin kabari aka wulaƙanta fata sai na tanka. Na sassauta murya na ce sai ta sha iska a inuwa, sannan in shafa mata man kaɗanya ta tsotsa, in ba haka ba inda ruwa ya taɓa zai ƙeƙashe. Ya yi tsaki.

Na durƙusa in goge wanda ya ɗiga a ƙasa. Na zura hannu ƙarƙashin kujerar direba, sai na taɓo wani abu. Na jawo shi. Takalmin mace ne, ƙafar hagu, na jar fata, da adon koren zare. Maɗaurinsa an yi masa ɗinki biyu, domin mai shi tana jan ƙafar hagu kaɗan, kullum nan yake fara tsinkewa. Ni na yanka fatar, ni na ɗinka shi, ni na sa shi a kayan Safara'u ranar da za ta tafi Bugaje.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni gajere ne, mutumin nan ya ba ni kai guda, amma sai ga ni na shaƙe masa wuyan riga, takalmin a ɗaya hannun.

"Ina mai takalmin nan? Mi kuka yi mata? Ka faɗa min ko ka harbe ni nan!"

Ya zaro hannu daga aljihu. Na runtse ido. Da na buɗe, carbi ne a hannun, ya jiƙe da gumi.

"Harbi kuma? Da mi?" ya ce. "Ni Rabe sunana, direba ne, motar ta maigidana ce a Maraɗi. A mararrabar Bugaje na iske su bakin hanya, ita da wata tsohuwa, babur ɗin da ya ɗauko su ya mutu. Naƙuda take, jini na zuba. Motoci sun wuce ba wanda ya tsaya. Na kai su asibiti, na gudo kafin a riƙe ni da tambaya."

"Matata ce!"

Ya ja da baya, ya dafe kai.

"Innalillahi. To ai ita ta turo ni nan. Ana fidda ta daga mota ta ce in je gindin darbejiya wajen mai gyaran kujera. Na ce wane ne shi? Sai ta rufe fuska. Na dubi tsohuwar, ita ma ta kau da kai. Na ɗauka kujerar da ta ɓata take jin nauyi."

Na gane nan take. Shekara biyu da aurenmu, Safara'u ba ta taɓa kama sunana ba, ko a bayan idona. Tsohuwar kuwa surukata ce, ita da ta ambace ni gara ta haɗiye harshenta. Aike aka yi min, kunya ta cinye rabin saƙon a hanya. Ni kuma na zauna awa guda ina dangwale jinin matata a hankali, ina lallashin fata.

"Tana da rai?" na ce.

"Da na baro ta tana numfashi. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na bar rumfa a buɗe, bokiti a tsakar hanya. Rabe ya ja mota, ni ina baya a kan kujerar da ban gama ba, danshinta na ratsa wandona. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba, kuma ba ta fi minti biyar ba.

A ƙofar ɗakin haihuwa wata nas mai suna Hanna ta tare mu. Ta dubi takalmin da ke hannuna.

"Kai ne Badamasi?"

"Wa ya gaya miki sunana?"

"Ita. Tun ɗazu shi take kira."

Na dafa bango. Jinin kujera bai tsorata ni kamar wannan magana ba, don na san ba ƙaramin abu zai sa Safara'u ta kira sunana a gaban mutane ba. Ta ga alamar tafiya ke nan.

Hanna ta ce an samu ƴa mace, lafiyarta lau, amma uwar ta zubar da jini da yawa, ana neman wanda zai bayar. Aka gwada nawa, bai dace ba. Rabe, wanda ɗazu yake gudun tambaya, ya naɗe hannun riga. Nasa ya dace.

Har aka yi azahar aka yi la'asar ina zaune a benci, takalmin a cinyata, surukata a can ƙarshen baranda ta juya min baya tana jan carbi. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe. Can Hanna ta leƙo ta yafito ni.

Safara'u na kwance, leɓɓanta sun yi fari, ledar jini a rataye a kanta. Ta buɗe ido a hankali ta gan ni. Hanna ta ce mata, cikin tsokana, "To ga shi nan. Wa kika ce sunansa?"

Na tsaya ina jira. Safara'u ta lalubo gefen mayafi da hannun da babu allura, ta ja shi ta rufe fuska.

"Ni ban ce komai ba," ta ce.

A nan na zauna a ƙasa na fashe da kuka.